Gwani a Gida, Lebura a Jamus: Inda Taimakon Baƙin Magina Yake Cijewa

A ɗauki birkilan da ya shekara ashirin yana ɗora bulo a Kano ko a Maraɗi, wanda ya aza harsashin gidajen da shi kansa ba zai iya ƙirgawa ba, ya zuba linta da dakin, ya kuma yaye yaran da yanzu suke cin gashin kansu. Idan tafiya ta kai wannan mutum Jamus, abin da ya fi yiwuwa shi ne a same shi yana tura baro, yana kwashe ɓaraguzai, yana miƙa wa wani saurayi ɗan shekara ashirin da biyu kayan aiki, a kan albashin da ke ƙasan na kowa a wurin. Saurayin yana riƙe da takardar da ta shaida cewa shi magini ne, birkilan kuwa shaidarsa tana can a tsaye a unguwannin da babu jami'in Jamus da zai je ya gani. A daidai wannan lokaci 'yan kwangilar ƙasar suna kukan ƙarancin ƙwararru. Duk mai son fahimtar abin da ake nufi da taimaka wa baƙo ya sami aikin sana'a a harkar gini, daga wannan giɓi ya kamata ya fara, domin dokoki da shirye-shiryen da Jamus ta fito da su cikin shekarun nan ƙoƙari ne na cike shi, kuma inda suka gaza ma a nan suka gaza.

Ƙarancin yana da asali. Bayan haɗewar Jamus ta Gabas da ta Yamma a 1990 an shiga gine-gine ba kama hannun yaro, har a 1995 ma'aikatan babban ɓangaren gini, wato masu gina gidaje da hanyoyi da gadoji, suka kai kusan miliyan 1.4. Daga nan kasuwar ta faɗi, ta shekara goma tana gangarawa, adadin ya dawo wajen dubu 700. A tsawon waɗannan shekaru kamfanoni sun rage ɗaukar masu koyo, iyaye kuma suka ƙara karkata 'ya'yansu zuwa jami'a, saboda haka da aiki ya farfaɗo sai aka tarar akwai tsara guda da ba a horar ba, waɗanda aka horar kuma furfura ta cim musu. Baƙi ne suka cike yawancin gurbin, galibinsu daga gabashin Turai da yankin Balkan, har ta kai kusan ɗaya cikin kowane ma'aikata huɗu a wannan ɓangare ba ɗan ƙasa ba ne. Gwamnatin Olaf Scholz ta yi alkawarin gidaje dubu 400 a shekara, amma a 2023 ba a kai dubu 300 ba, ko da yake tsadar kaya da hauhawar kuɗin ruwa suna da babban kaso a wannan gazawa. Ga kuma gadojin da aka gina shekara hamsin da suka wuce sun tsufa tare, kamar yadda ruftawar wani sashe na gadar Carola a Dresden ta nuna a watan Satumba na 2024. A watan Maris na 2025 majalisa ta amince da asusun Yuro biliyan 500 don gyaran ababen more rayuwa, kuɗin da ba zai zama gada ba sai an sami masu ɗaura rodi da masu walda da masu zuba kankare.

A ƙasar Hausa gini sana'ar gado ce tun asali, tana da sarautarta da tsarinta. Akwai Sarkin Magina a manyan birane, kuma masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19 har yau masana gine-gine suna nazarinsa. Da siminti ya maye gurbin tubali da makuba, hanyar koyo ba ta canja sosai ba. Uba yakan kai yaro wajen maigida ya ce ga amana, yaro ya fara da ɗebo ruwa da kwaɓa siminti, bayan wani lokaci a miƙa masa cokali ya ɗora layi ɗaya ana kallonsa, har ranar da maigida zai ce ya isa ya tsaya da ƙafarsa. Babu ranar farawa a rubuce, babu jerin abin da aka koya, babu jarrabawa in ban da idon maigida da bakin masu gidajen da aka yi wa aiki. Wannan tsari yana biyan buƙata matuƙar mai neman magini zai iya takawa ya ga gini ko ya tambayi maƙwabci. Da zarar mutum ya ƙetare iyaka, shaidar nan gaba ɗaya a gida take zama.

Jamusawa ma daga irin wannan tsari na maigida da yaro suka taso, sai dai sun mayar da shi rubuce, suka ɗora doka a kansa. Mai son zama birkila yana sa hannu a yarjejeniya da kamfani, ya shekara uku yana raba lokacinsa tsakanin wurin aiki da makarantar koyon sana'a da cibiyoyin horo waɗanda kamfanonin gini suke haɗa kuɗin tafiyar da su. Mai koyon wayarin ko aikin famfo shekara uku da rabi yake yi. Kowace sana'a tana da manhaja ta ƙasa, mai koyo yana da littafin da yake rubuta abin da ya yi a kai a kai, a ƙarshe kuma akwai jarrabawa ta rubutu da ta aiki, galibi ƙarƙashin majalisun masu sana'ar hannu guda 53 da ke faɗin ƙasar. Wanda ya ci ya sami takardar yaye, wadda ake karɓa daga Hambug har Munik ba tare da an tambayi wane ne maigidansa ba. Sama da wannan akwai matsayin Maista, wato babban gwani, wanda a sana'o'i irin su gini da rufi da wayarin shi ne mai ikon buɗe kamfani. Doka ba ta hana marar takarda ɗora bulo a ƙarƙashin wani ba, amma takardar ce take yanke matakin albashinsa, ita ce take buɗe masa hanyar ci gaba, ga wanda yake waje kuma ita ce take kawo biza.

Dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Afrilu 2012 ta ba kowa, ko daga wace ƙasa ya fito, 'yancin a duba takardar sana'arsa a kwatanta ta da ta Jamus. Majalisar masu sana'a takan aza manhajar da mutum ya bi a ƙasarsa kusa da tasu, ta duba tsawon horon da darussan da ke ciki, ta haɗa da shekarun da ya yi yana aiki, sannan ta yanke ko daidai ne, ko daidai ne ta wani ɓangare, ko ba daidai ba ne. Wanda aka ce nasa bai cika ba ana rubuta masa abin da ya rage, ya je ya ƙarasa a kamfani ko a cibiyar horo. An ma yi tanadi ga wanda yaƙi ya raba shi da takardunsa, kamar yadda ya faru da 'yan Siriya da yawa: a kai shi ɗakin aiki, a ba shi kaya, ƙwararru su tsaya suna kallon hannunsa suna yi masa tambayoyi. Sharaɗin wannan tanadi shi ne mutum ya taɓa yin horo na hukuma wanda ya ƙare da takarda, ko da ta ɓata daga baya. Birkilanmu da bai taɓa riƙe takarda ba tun farko, babu abin da za a kwatanta masa.

Dokar shigowar ƙwararru ta 1 ga Maris 2020 ta ba mai sana'ar hannu irin damar da mai digiri yake da ita wajen samun izinin aiki, aka kuma yi mata gyara a matakai uku tsakanin Nuwamba 2023 da Yuni 2024. Yanzu mutum zai iya shiga ya fara aiki ana ci gaba da tantance takardarsa, idan shi da kamfanin sun ɗauki alkawarin kammala tantancewar. Wanda ya yi aikin shekara biyu cikin biyar da suka gabata zai iya zuwa ba tare da tantancewar Jamus ba, matuƙar albashin da za a ba shi ya kai wani mizani. Sannan ga katin dama, wanda ake bayarwa bisa maki, yana ba mutum shekara guda ya nemi aiki a cikin ƙasar yana taɓa aikin da bai wuce awa ashirin a mako ba. Wanda ya karanta waɗannan hanyoyi a tsanake zai ga sharaɗi guda yana dawowa a kowace: horon sana'a na aƙalla shekara biyu wanda gwamnatin ƙasar da aka yi shi ta amince da shi. Ga katin dama kuma sai mutum ya nuna yana da abin da zai ci, sama da Yuro dubu a kowane wata. Magini nawa ne a Katsina ko Damagaram yake da Yuro dubu goma sha biyu a ajiye? Ƙofar ta ƙara faɗi ga wanda ya fito daga kwalejin fasaha, ga wanda ya koya a hannun maigida kuwa kusan tana nan yadda take.

Abin da ya sa nake ganin siyasa ta fi larurar aiki yawa a wannan sharaɗi shi ne abin da Jamus ta yi wa ƙasashen yammacin Balkan. Tun daga 2016 'yan Albaniya da Bosniya da Kosobo da Montenegiro da Masedoniya ta Arewa da Sabiya suna iya samun bizar aiki ba tare da an tambaye su takardar sana'a ba, muddin kamfani ya ba su aiki, hukumar ƙwadago kuma ta tabbatar ba za a biya su ƙasa da 'yan ƙasa ba. An fito da tsarin ne don rage masu neman mafaka daga yankin, aka sa masa iyakar mutum dubu 25 a shekara daga 2021, aka ninka zuwa dubu 50 a tsakiyar 2024, kuma harkar gini ce ta fi kowace cin gajiyarsa. 'Yan kwangila sun gwada mutanen a wurin aiki, suka riƙe waɗanda suka iya. Ke nan idan an so, ana iya barin mai ba da aiki ya yi hukunci da idonsa. Babu wata ƙasar Afirka ta Yamma da aka ba irin wannan dama.

Duk da haka ba zan ce Jamusawa ba su da hujja ba. Mu muna gini ne don gudun zafi da ruwan damina, su kuwa don riƙe ɗumi. Bangonsu ana lulluɓe shi da abin da ke hana ɗumi fita, tagoginsu gilashi biyu ne ko uku, kuma kuskure kaɗan wajen haɗa taga da bango yakan sa danshi ya taru, bango ya yi funfuna, mai gida ya kai ƙara, ɗan kwangila kuwa galibi yana ɗauke da alhakin aibin gini har shekara biyar. Ruwan da ya shiga tsagar kankare yakan daskare da hunturu ya fasa shi. Mai aikin famfo a can babban kaso na aikinsa na'urorin ɗumama gida ne, abin da takwaransa na Sakkwato bai taɓa buƙatar sani ba. Karanta zanen gini, wanda a wurinmu sau da yawa ake bar wa injiniya ko foman, a can ana sa ran kowane mai takarda zai buɗe shi ya fitar da awo da kansa. Saboda haka gwanin da ya zo daga ƙasar zafi yana da abin koyo, kuma mai taimakonsa da gaske ba zai ɓoye masa haka ba. Abin tambaya shi ne ko ya dace a mayar da wanda ya riga ya iya mafi yawan aikin sahu ɗaya da ɗan shekara goma sha shida, alhali ana iya auna abin da ya iya a koya masa ragowar.

Da yawa daga cikin matasanmu da ke can ba ta ƙofar biza suka shiga ba. Sun bi ta Agadas da Libiya da Italiya, suka nemi mafaka, kuma ga 'yan Najeriya mafi yawan buƙatun ƙin su ake yi. Dokar da aka yi a 2016 ta buɗe musu wata 'yar hanya da ake kira uku da biyu: wanda aka hana mafaka, idan ya shiga koyon sana'a na hukuma, ba za a tasa ƙeyarsa ba har ya gama, in ya ci jarrabawa ya sami aiki a sana'ar kuma sai a ba shi izinin zama na shekara biyu. Sharaɗinta mai nauyi shi ne mutum ya tabbatar da ko shi wane ne, wato ya kawo fasfo, kuma fasfon nan shi ne abin da hukuma take buƙata don mayar da shi gida idan koyon ya lalace. A nan ne mai ba da shawara da ya san doka yake da amfani fiye da kowa, domin sanin abin da za a miƙa kafin wani yana iya raba zama da kora. 'Yan Ghana da Senegal nasu ya fi tsanani, saboda Jamus ta lissafa ƙasashensu cikin masu zaman lafiya, kuma wanda ya nemi mafaka daga cikinsu bayan ƙarshen Agusta 2015 an hana shi aiki, balle koyon sana'a. Matashin da ya taso a zangon Kumasi ko a unguwar Nima ta Akra yana buƙatar sanin wannan kafin ya ɗaura takalmi.

Akwai wani cikas da ba ya cikin kowace doka, kuma a ganina ya fi sauran karya mutane. A 2025 mafi ƙarancin albashi a Jamus Yuro 12.82 ne a awa, saboda haka lebura mai cikakken aiki yana tashi da sama da Yuro dubu biyu a wata kafin a cire haraji. Mai koyon gini a shekararsa ta farko kusan rabin haka yake samu, duk da cewa harkar gini tana cikin masu biyan masu koyo da kyau, kuma kuɗin yana ƙaruwa kowace shekara. To, a aza wannan lissafi a gaban mutumin da aka sayar da gona ko shanu aka yi masa kuɗin hanya, wanda wayarsa ba ta yini ba a kira daga gida ba: ga kuɗin asibitin Inna, ga auren ƙanwa, ga buhun masara ya ƙare, ga azumi ya matso. Idan ya ce zai koma ɗalibi na shekara uku, a gida za a ji kamar ya ce ya daina aike. Da yawa sukan zaɓi leburanci ko dakon kaya a rumbunan ajiya su sami kuɗin yau, bayan shekara goma kuma suna nan a matakin da suka fara, ga baya ya fara ciwo, ga shi su ake fara sallama idan aiki ya ja baya. Ba na ganin laifinsu, domin nauyin da ke kansu na gaske ne, kuma wanda bai taɓa zama idon gida ba ba zai san zafinsa ba. Amma duk shirin taimakon da ya tsaya a kan cike fom da koyar da rubuta takardar neman aiki, bai taɓo wannan nauyi ba, zai yi ta mamakin yadda masu koyo suke zubewa tun kafin shekara ta zagayo. Wani lokaci abin da ya fi amfani shi ne wani babba daga cikin al'umma, limamin masallacin da suke taruwa ko shugaban ƙungiyar 'yan gari, ya ɗauki waya ya yi wa mahaifin yaro bayani cewa ragin aike na shekara uku shi ne zai kawo aiken da ya fi yawa ya kuma fi ɗorewa.

Wanda ya daure ya shiga, galibi makaranta ce take kayar da shi, wurin aiki kam yakan yi abin yabo. Jarrabawar rubutu tana neman lissafin faɗi da girma da gangare, da sanin dokar aiki, duka cikin Jamusanci mai tsauri, wanda ya bambanta da na foman mai magana da karin harshen garinsu. Wanda ya tsaya a firamare, ko wanda karatunsa na allo ne, yana iya zama mai kaifin ƙwaƙwalwa da ƙarfin hadda amma bai saba da wannan salon tambaya ba. Magungunan da aka samo ba masu ƙyalli ba ne. Akwai watannin share fage da mutum yake yi a kamfani kafin a fara ƙirga shekarun koyo, akwai ƙarin darussan da hukumar ƙwadago take biya, sannan tun 2016 akwai jami'ai a majalisun masu sana'a da aikinsu shi ne raka ƙananan kamfanoni wajen ɗaukar baƙi, domin mafi yawan kamfanonin gini ma'aikatansu ba su kai ashirin ba, mai kamfanin yana kan rufi da rana, ba shi da wanda zai bi masa layin ofishin baƙi. Wanda ya fi burge ni shi ne shirin wata ƙungiya da ke Bon mai suna SES, inda ƙwararrun da suka yi ritaya suke ɗaukar mai koyo ɗaya-ɗaya kyauta, su zauna da shi su bi darasi, su karanta masa wasiƙar hukuma, su shiga tsakani idan ya saɓa da maigidansa. Da ɗan gari akan ci gari.

Abin da ya fi dacewa da birkilan da muka fara da shi ya zo ne ranar 1 ga Janairu 2025. Daga wannan rana, wanda ya kai shekara 25, ya kuma yi aiki a wata sana'a na tsawon lokacin koyonta da rabinsa, yana da 'yancin neman a gwada shi a aikace a ba shi shaidar abin da ya iya, ko da bai taɓa shiga aji ba. Ga birkila shekara huɗu da rabi ke nan. Irin wannan adadi kuma yana ba mutum damar zama jarrabawar yaye kai tsaye ba tare da koyon shekara uku ba, hanya ce tsohuwa da baƙi da yawa ba su san da ita ba. Sai dai sabon gwajin an tsara shi ne don wanda yake zaune a Jamus ko ya yi kaso mai yawa na aikinsa a can, saboda haka bai buɗe wa na Kano ƙofar biza ba. Shekarun aikin kuma sai an kawo shaidarsu. Wanda ya shekara biyar yana aikin bayan fage, ana damƙa masa kuɗi a hannu babu takardar albashi, zai sha wuya kafin ya gamsar da hukuma cewa ya yi aikin.

Aikin bayan fage kuwa a harkar gini ya fi yin sheƙa. Babban kamfani yakan karɓi kwangila ya yanka ta ya sayar wa ƙanana, su ma su sayar wa na ƙasa da su, har a kai ga wani mai mota ɗaya da wayar hannu wanda shi ne yake kwaso baƙi. A wannan mataki ne ake rubuta wa mutum awa ashirin alhali ya yi hamsin, a cire kuɗin ɗakin da mutum shida suke kwana daga albashinsa, ko a sa shi ya yi rajista a matsayin mai zaman kansa don kada a biya masa inshorar lafiya da fansho. Doka tana ɗora wa babban ɗan kwangila biyan mafi ƙarancin albashi idan na ƙasa ya tsere, jami'an kwastan kuma suna kai samame wuraren gini, amma baƙon da zamansa ya rataya a kan aikin da wuya ya buɗe baki. Ƙungiyar ƙwadago ta IG BAU da ofisoshin shawara na Faire Integration suna bin irin waɗannan koke, kuma abin da ake fara tambayar mai koke shi ne ko ya riƙa rubuta awanninsa da adireshin wurin da sunan kamfanin kowace rana. Wannan ɗan littafi shi ne makaminsa a kotu, shi ne kuma zai taimaka masa ranar da zai nemi a lissafa shekarunsa.

Tun daga gida ma ana cin baƙon. Dillalan biza suna karɓar miliyoyi a kan alkawarin aikin da babu shi, alhali yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 181 ta 1997 ta ce kada kamfanin samo aiki ya karɓi kuɗi daga ma'aikaci, dokar Jamus kuma ta hana a caji mai neman gurbin koyon sana'a. Akwai cibiyoyin shawara na kyauta da Jamus ta buɗe tare da gwamnati a Legas da Abuja da birnin Benin, akwai irinta a Akra, sai dai sun yi wa mai sana'a a Gusau ko Tawa nisa, shi kuwa dillali yana bakin tasha yana magana da harshen da aka sani.

Rabin aikin a gida ya kamata a yi shi. Najeriya tana da takardar NABTEB ta kwalejojin fasaha, tana da gwajin sana'a na ma'aikatar ƙwadago mai matakai uku, hukumar NBTE da ke Kaduna kuma tana da tsarin ba da shaida ga ƙwarewar da aka samu a wajen aji, Nijar tana da takardar koyon sana'a ta CAP. Wanda ya yi aiki a manyan kamfanoni irin su Julius Berger, da ke Najeriya tun 1965, yana da takardun albashi da wasiƙun da za a iya dubawa. Amma dubban da suke koyo a Panteka ta Kaduna da unguwannin Kano da Zariya ba su haɗu da ko ɗaya daga waɗannan ba, kuma gwajin kwana kaɗan ba ya nuna tsawon horo da abin da aka koya, wanda shi ne abin da ake kwatantawa a waje. Kada kuma a manta cewa mu ma masu karɓar baƙi ne. Duk wanda ya yi gini a Abuja ko Legas ya san cewa idan ana son tayil ya kwanta daidai ko silin ya fita da kyau, sau da yawa 'yan Togo da Jamhuriyar Benin ake nema, waɗanda yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba damar shigowa ba tare da biza ba. Wannan ya isa ya nuna cewa ba mu da rarar ƙwararru da za mu yi kyauta da su, saboda haka duk yarjejeniyar tura magina waje ya kamata ta zo da sharaɗin a horar da fiye da adadin da za a ɗauka, da kuɗin masu ɗauka, a cibiyoyin da ke kusa da inda maginan suke.

Littafin da ake buƙata don a fara bai fi shafi kaɗan ba: ranar da yaro ya zo hannun maigida, ayyukan da ya yi wata-wata, sa hannun maigida da hatimin ƙungiya, sannan jarrabawar hukuma a ƙarshen shekara ta uku. Ƙungiyoyin birkiloli da na kafintoci da na masu walda suna nan a garuruwanmu, suna karɓar kuɗin taro, suna sasanta rigima tsakanin mai gida da ma'aikaci. Su ne suka san wanda ya iya da wanda bai iya ba, kuma da su ya kamata hukumomin ba da takarda su fara zama.